Nasiha ga Matasan Talladje Game da Haƙƙin Iyalin Ma'aikaci Bayan Rasuwarsa

Wannan nasiha ce zuwa ga ƙannena da ƴaƴana na Talladje, maza da mata, musamman waɗanda Allah ya buɗa wa ƙofar aikin albashi, ko a masana'antun da ke tsakaninmu da Gamkalle, ko a filin jirgin sama na Diori Hamani, ko kuwa a wani kanti ko gareji ko gidan mai a bakin hanyar Doso. Maganar da zan yi muku ba mai daɗin ji ba ce ga saurayi, domin akwai mutuwa a cikinta. Amma tun da yake ba a yi wa kowa alkawarin sai ya ga furfura ba, ya kamaci mai hankali ya san abin da doka ta tanadar wa matarsa da ƴaƴansa in ya riga su tafiya, ya kuma san abin da ya wajaba a kansa tun yana numfashi, don kada tanadin nan ya salwanta a ranar da aka fi bukatarsa.

Ku sani, kuɗin nan da kuke gani ana zarewa daga albashinku kowane ƙarshen wata, har wasunku suna ƙunƙuni a kansa, iyayenmu ba su same shi a ɓagas ba. A zamanin mulkin mallaka, lebura in ya mutu, abin da ke bayansa shi ne tabarmarsa da bashinsa, har sai da ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa suka haɗa kai suka yi yajin aiki a watan Nuwamba na 1952, sa'an nan majalisar Faris ta zartar da dokar aiki ta ƙasashen ƙetare, aka sa mata hannu ranar 15 ga Disamba na wannan shekara. A cikin waɗanda suka ja ragamar ma'aikata a nan ƙasar a shekarun nan akwai Djibo Bakary, wanda ya zama magajin garin Yamai a 1956, shekarar da aka soma biyan kuɗin tallafin iyali. Bayan samun mulkin kai, a zamanin Shugaba Diori Hamani, aka kafa asusun da muke kira CNSS, ko Kes a bakin jama'a, a 1965, aka kuma ƙara masa reshen fansho a 1967, wanda ya ƙunshi tsufa da naƙasa da haƙƙin waɗanda mamaci ya bari. Ma'aikatan gwamnati kuwa nasu asusun dabam ne, shi ne CARENI, da nasa sharuɗɗan; maganata a nan ta fi karkata ga ma'aikatan kamfanoni da na ƴan kasuwa, waɗanda su ne suka fi yawa a unguwarmu.

Tsarin kansa ba shi da wuyar ganewa. Ana cire kashi 5,25 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, ubangidansa ya ɗora kashi 6,25 daga aljihunsa, a haɗa a zuba wa asusu da sunan ma'aikacin da lambarsa. In ya rasu yana karɓar fansho, ko kuwa ya rasu yana bakin aiki alhali an riga an zuba masa na wata 180, wato shekara goma sha biyar, to matarsa tana da rabin abin da yake karɓa ko abin da da zai karɓa. In matan sun fi ɗaya su raba rabin nan daidai wa daida, ba uwargida ba amarya. Kowane maraya yana da rubu'i, wanda ya rasa uwa da uba kuwa kashi 40 cikin ɗari, bisa sharaɗin kada jimlar ta zarce fanshon mamacin. Ɗauki misalin wanda fanshonsa zai kama jika 60 a wata, ya bar mata biyu da ƴaƴa biyu: kowace mace jika 15, kowane yaro jika 15. Da ƴaƴan shida ne, da jika 60 ɗin nan dai ita ce iyaka, sai a rage wa kowa gwargwadon rabonsa. Wanda kuma ajali ya cim masa bai cika wata 180 ba, bai kuma cika sharuɗɗan fanshon naƙasa ba, iyalinsa ba su da fansho mai ɗorewa, sai dai a ba su kuɗi dunƙule sau ɗaya, gwargwadon watannin da aka zuba.

Na san mai karatu zai ce wannan ai bai taka kara ya karya ba, ga tsadar shinkafa ga kuɗin haya. Gaskiya ne, ba dukiya ba ce, kuma ni ba na cikin masu kambama ta. Sai dai ku tambayi matar da ta fito daga takaba da yara huɗu a ɗaki guda, ku ji bambancin da ke tsakanin kuɗi kaɗan da ta san ranar zuwansa da kyauta mai yawa da ba ta san ranar da mai ita zai tuna da ita ba. Da na farko ake iya cewa mai gidan haya ya yi haƙuri zuwa rana kaza, da shi ne kuma yarinya take zama a aji maimakon a ɗora mata farantin talla.

To, a nan ne fa gizo ke saƙa. Haƙƙin nan duka a kan rubutu yake tsaye, kuma rubutun nan, in mai shi bai yi shi da ransa ba, yinsa a bayansa wahala ce wadda mace mai takaba ba ta da ƙarfin ɗauka. Ma'aikacin asusu da ke zaune a bayan tebur bai halarci ɗaurin aurenku ba, bai ci goron sunan ɗanku ba, bai kuwa san cewa kun yi shekara goma sha takwas kuna buɗe ƙofar kanti tun da asuba ba. Abin da ya sani shi ne abin da ke cikin rajista, kuma ba zalunci ya yi ba in ya tsaya a kan haka, domin dukiyar jama'a ce aka ba shi amana.

Rubutu na farko shi ne lambar ma'aikaci. Wajibi ne a kan duk wanda ya ɗauki mutum aiki da albashi ya kai sunansa asusu, ko da gadi yake yi, ko tuƙi, ko dafuwa a gida. Amma sau da yawa yaro yakan shiga aiki da murna, ya ga an rubuta a takardar albashi cewa an cire kaza, ya ɗauka magana ta ƙare, alhali cirewa dabam, zubawa dabam. Akwai iyayen gidan da kan cire su riƙe, akwai masu rubuta albashin da bai kai na gaskiya ba don su rage abin da za su ɗora, akwai kuma waɗanda kan ce da yaro: mu bar zancen Kes, in ƙara maka jika biyar a hannu. Wannan ciniki na ƙarshe shi ya fi ba ni takaici, don kuwa da yardar yaron ake yinsa, ya sayar da abincin ƴaƴan da bai haifa ba tukuna da kuɗin da ba zai kai shi tsakiyar wata ba. Nasihata ita ce, kowannenku ya san lambarsa, ya adana takardun albashinsa wata bi wata, ya kuma riƙa zuwa ofishin asusu lokaci-lokaci yana neman a nuna masa watannin da aka zuba da sunansa. In ya ga giɓi ya yi magana da ladabi tun kamfanin yana nan, in ta ƙi ya kai ga sufeton aiki, domin kamfanoni ma suna mutuwa kamar masu su, kuma neman shaidar aiki a wurin da aka rufe shekara goma da suka wuce abu ne da ba na yi wa kowa fatansa. In kun canja wurin aiki, lambar nan ita za ku kai wa sabon ubangida, watanninku su ci gaba da taruwa a wuri guda.

Rubutu na biyu, wanda ya fi kowane jawo kuka, shi ne takardar aure. Mu a wurinmu aure ya ɗauru da waliyyi da shaidu da sadaki da siga, kuma babu malamin da zai ce rashin takardar magajin gari ya ɓata shi. Haka ne. Amma ingancin aure a wurin Allah abu ɗaya ne, tabbatar da shi a gaban wanda bai gani ba wani abu ne, kuma fuƙaha'unmu da kansu sun san wannan bambanci, shi ya sa suka cika littattafai da babin shaida da na wasiƙun alƙalai. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. In har an umurci mumini ya rubuta bashin awo, ban ga dalilin da zai sa ya ji nauyin rubuta alkawarin da ya fi kowane bashi girma ba. Dokar rajistar al'umma ta 2019 ta ba da kwana 60 don a kai rahoton haihuwa ko aure ko rasuwa, kuma a cikin wa'adin nan abin ba ya cin komai sai tattaki zuwa ma'aikatar magajin gari ta da'ira ta huɗu ko wata cibiya ta kusa. In wa'adi ya wuce, sai an bi ta kotu da shaidu an samo hukunci. Miji mai rai yana iya yin wannan cikin sauƙi, ya tsaya da bakinsa ya ce wannan matata ce. Bayan ya kwanta dama kuwa, sai a nemo waɗanda suka halarci ɗaurin auren da aka yi shekara ashirin baya a wani ƙauye na Dogon Dutsi ko Filinge, wasu sun rasu, wasu suna Kwatano, wasu kuma suna da wata manufa a zuciya da ta sa ba su son tunawa.

Bari in faɗi wadda ake jin nauyin faɗi. Mutum yakan yi wa uwargida takarda lokacin da ya shiga aiki, don ana nemanta wajen kuɗin tallafin iyali, daga baya ya ƙara aure ya yi shiru, ko don sakaci, ko don gudun fitinar gida. Ranar da ya faɗi, asusu mace ɗaya ya sani. Ta biyun, wadda galibi ita ce mai ƙananan yara, sai ta zama baƙuwa a haƙƙinta, ta koma roƙon kishiya da ƴan'uwan miji su shaide ta. Wanda ya yi haka, ko da ya raba kwana da cefane daidai duk tsawon ransa, ya bar rashin adalci yana aiki da sunansa alhali shi yana kabari. Haka nan wanda ya saki mace bai kai rahoto ba, ya bar sunanta a rajista, ya bar wa iyalinsa shari'a. Ku kuma lura cewa doka, a bisa asali, tana son auren ya kai shekara kafin rasuwa, saboda haka ranar da ke rubuce a takarda tana da nauyi.

Na uku takardun haihuwar yara ne, kuma ba sai na tsawaita ba. Rabon maraya yana da iyakar shekaru, iyakar tana ƙaruwa in yana koyon sana'a, tana kaiwa shekara 21 in yana karatu, sai dai a riƙa kai shaidar makaranta. Ku mata ma'aikata, malaman makaranta masu zaman kansu da masu aikin jinya da na kanti, wannan duka ya shafe ku, don ƴaƴanku suna da haƙƙi a kan abin da aka zuba da sunanku.

Wani zai ce, duk wannan lissafi ai rashin tawakkali ne, wanda ya halicci baki ba ya hana shi abinci. Na ji wannan daga bakin mutanen kirki, kuma ba na tuhumar niyyarsu, sai dai ina ganin sun ɗauki kasala sun sa mata rigar tsoron Allah. Ya tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa lokacin da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi ciwo a Makka ya so ya yi sadaka da mafi yawan dukiyarsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsayar da shi a kan sulusi, ya kuma nuna masa cewa barin magada da wadata ya fi barinsu suna miƙa hannu ga mutane. Ya tabbata kuma cewa yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Sayyidina Umaru ɗan Haɗɗabi, da dukiya ta yawaita a Madina, diwani ya kafa, aka rubuta sunayen mutane gida-gida aka yanka wa kowa rabonsa, har da jarirai. A Jamus kuwa, inda Bismarck ya kafa fanshon tsufa a 1889, sai a 1911 aka sa matan mamata da marayu a ciki. Saboda haka wanda ya je ya rubuta sunan matarsa da na ƴaƴansa a rajista bai bar sunna ya kama bidi'a ba.

Sai kuma ɓoye-ɓoye, wanda ciwo ne na mazan ƙasarmu. Namiji yana ganin in matarsa ta san albashinsa girmansa ya zube, sai ya kulle takardu a akwatin da ba wanda ya san inda mabuɗinsa yake, ko ya bar su a aljihun tebur a wurin aiki. Ban ce ku zauna kuna karanta wa mata takardar albashi kowane wata ba. Abin da nake cewa shi ne ta san cewa kana da lamba, ta san inda takardu suke, ta san sunan mutum ɗaya amintacce a wurin aikinka wanda za ta aika wa. A Talladje kuwa, inda damina kan shigo ɗaki ba sallama, a sa takardun a leda a ɗaga su sama, a kuma ajiye hotonsu a waya ko a wurin wani ɗan'uwa. Dalilin gaggawar shi ne, mace tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, ba ta yawon ofis-ofis, alhali wa'adin kai rahoton rasuwa kwana 60 ne, kuma neman haƙƙi a asusu shi ma jinkiri yana cin wani abu daga cikinsa. Dole wani ya tsaya mata, kuma ku matasa, ku da kuka yi boko, ku ne za ku tsaya: takardar rasuwa, taron dangi da rubutaccen bayaninsa, tabbatarwar kotu a kan su wane ne magada da wanda zai riƙe yara. Wannan hidima ta fi zaman makoki na kwana bakwai amfani ga mamaci.

Yanzu ga mas'alar da ta fi raba zumunta. Idan kuɗi suka fito, sai ka ji wani baffa ya ce a kawo a raba bisa farilla: mata su ɗauki sumuni, uwa sudusi, uba sudusi, saura na ƴaƴa, namiji rabon mata biyu. Ya ga doka ta ba mace rabi, ta kuma daidaita ɗa da ɗiya, sai ya ce an saɓa wa Littafi. A nan ana bukatar natsuwa. Tarika ita ce abin da mamaci ya mallaka ranar da ya mutu: gidansa, babur ɗinsa, kuɗinsa na banki, albashin da ya yi wa aiki ba a biya shi ba, da kuɗin hutun da yake bi. Wannan gado ne ba makawa, a fitar da bashi da wasiyya, a raba saura yadda Allah ya raba. Fanshon iyali kuwa mamacin bai taɓa mallakarsa ba, ba ya iya sayar da shi ko ya yi wasiyya da shi, bai ma wanzu ba sai da mutuwarsa, kuma yana yankewa in yaro ya girma ko mace ta yi aure, alhali gado ba ya yankewa da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Don haka ne malamai da yawa na wannan zamani suka tafi a kan cewa ya fi kama da ciyarwa, wato nafaƙar da aka keɓe wa waɗanda mamaci yake ɗauke da su, a ba wanda aka ambata da sunansa. Ni ma nan na karkata, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malamin da ya san fara'id ya kuma san yadda asusun yake aiki, don fatawa ba ta inganta sai an san surar abin da ake tambaya.

Amma ina roƙon matan da kuɗin nan ya zo hannunsu su dubi tsohuwar da ɗanta ne ke ciyar da ita. Fansho na yau da kullum bai ba ta komai ba, kuma wannan, a ganina, giɓi ne a dokar da aka ɗinka bisa gidan Bature mai mata ɗaya da ƴaƴa biyu. Abin da doka ta manta, ihsani yana iya cikewa. Shi kuma wanda aka naɗa ya riƙa karɓar rabon yara, ya sani wakili ne, ba mai dukiya ba. Gargaɗin da ya zo a farkon Suratun Nisa'i game da cin dukiyar maraya bai ware kuɗin da ya fito ta taga a ofis ba. Ya sami littafi ya riƙa rubuta abin da ya karɓa da abin da ya kashe, ko da ba wanda ya tambaye shi, kuma in yaran suna hannun uwarsu, mafi kusa da adalci shi ne kuɗin ya bi inda tukunyarsu take.

Game da yankewar rabon mace in ta sake aure, na ga yadda yake jefa wasu cikin jarraba: ko ta ƙi auren da take so don kada kuɗi ya tsaya, ko a ɗaura a ɓoye a ci gaba da karɓa. Na biyun haramun ne a fili, cin dukiyar sauran marayu ne da ƙarya. Na farkon kuwa ina ce mata ta yi lissafi da kyau, don rabon yaranta ba ya faɗuwa saboda aurenta.

Akwai wani reshe dabam da ya kamata direbobi da masu aikin gini da na injuna su sani. In mutuwa ta zo ta hanyar haɗarin aiki, ko a kan hanyar zuwa aiki da komowa, ba a duba wata 180. Ko jiya mutum ya fara, iyalinsa suna da haƙƙi, ana lissafa shi a kan albashinsa, kuma a nan iyayen da yake ciyarwa suna da rabo. Kuɗin wannan reshe ubangida kaɗai ke zuba shi. Sai dai wajibi ne a kai rahoton haɗarin cikin awa 48, saboda haka in abokin aikinku ya faɗi, bayan salati da jana'iza, wani daga cikinku ya tabbatar an rubuta cewa a bakin aiki abin ya faru, kada a wayi gari an ce ciwon gida ne. Masu ƴan'uwa a Kano ko Sakkwato kuma kada su auna nasu da namu: a Nijeriya, tun dokar fansho ta 2004 wadda aka sabunta a 2014, kowane ma'aikaci asusun kansa gare shi, an kuma wajabta wa mai kamfani ya yi masa inshorar rai da ba ta gaza albashin shekara uku ba, kuma kafin a saki abin da ke asusun ana neman wasiyya ko takardar kotu ta rabon gado.

Na sani sarai cewa mafi yawan masu fita nema daga Talladje da safe ba su da takardar albashi ko ɗaya: ƴan kabu-kabu, masu tebur, magina, mata masu tuya. Asusun bai kai gare su ba tukuna yadda ya kamata, kuma wannan nauyi ne a kan hukuma. Amma wasunku da ke karanta wannan, nan da ƴan shekaru ku ne masu gareji da shaguna da motocin haya, wasu su zo suna neman aiki a hannunku. Ranar da kuka ɗauki yaro da albashi, ku kai sunansa asusu a watan farko, ku rubuta albashinsa na gaskiya, ku zuba abin da kuka cire tare da naku kason a kan lokaci, ku kuma tambaye shi ko matarsa da ƴaƴansa suna da takarda. In ya ce babu, ku ba shi hutun safiya ɗaya ya je ma'aikatar magajin gari.